Yatsu Huɗu Daga Idon Sawu

Maganar ta daɗe tana yawo kafin ta iso kunnena. Wai tunda aka bar 'yan mata suka hau bagadi suna yi wa Fada hidima a lokacin Mas, babbar ibadarmu, kira ya ɗauke a cocinmu. Shekara goma sha takwas ke nan babu ɗanmu ko ɗaya da ya tafi seminari, makarantar da ake koyon zama Fada, kuma wai 'yan matan ne sanadi. Yaro namiji, in ji masu faɗa, ba ya son jerawa da mace, sai ya bar mata wurin. In kuwa ya bar bagadi, ina zai tsaya ya ji kiran Allah?

Na ji ta a bakin shugabar mawaƙa, na ji ta a bakin mai gyaran furanni, na ji ta har a bakin ɗan cikina. Da zan bar su da abarsu in ba don Takwara ba. Jikata ce, sunana aka sa mata. Shekarunta goma sha biyar, shida daga ciki tana hidimar bagadi. Ta fara da riƙe tawul, ta hau zuwa kaɗa ƙararrawa, ta hau zuwa kyandir, kuma an yi mata alkawarin kaskon turare, wanda a wurinsu babu matsayin da ya fi shi. Ran Litinin da yamma ta faɗo ɗakina ko gaisuwa babu.

"Kaka, ran Asabar kwamitin coci zai zauna. Za su cire mu."

"Ku wa?"

"Mu mata. Duka mu bakwai."

"Wa ya gaya miki?"

"Ɗan Ciyaman ɗin kwamitin. Har yana cewa in fara koyon shara."

"To fara da ɗakin nan, ga tsintsiya can bayan ƙofa."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado ta ƙura wa ƙafafunta ido. Nan na san abin ya kai mata har zuci.

Washegari na ɗauki sandata na nufi coci. Bayan bagadi akwai ɗan ɗakin da Fada da masu hidima suke shiri. Kabad ɗaya ne na katako, da madubi mai tsaga a gefe, da jajayen riguna rataye a jikin ƙarfe, sai warin turare da na kakin kyandir da ya kama bango. Baba Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, shi ne mai ɗakin. Ya haura saba'in, kuma duk yaron da ya taɓa riƙe kyandir a cocin nan, a hannunsa ya koya. Na same shi yana goge ƙararrawa da tsumma.

"Malama, lafiya da safen nan?"

"Littafin masu hidima nake so."

"Me za ki yi da shi?"

"Karantawa, Baba. Ko an canza abin da ake yi da littafi?"

Ya yi gunaguni, amma ya ciro shi daga ƙasan kabad. Rubutunsa mai kyau ne irin na da. Kowane yaro da layinsa: suna, shekaru, ranar shiga, ranar fita. Na zauna a kan benci na bi shi shafi-shafi. Sunan mace na farko ya bayyana shekara goma sha biyu da suka wuce. Wanda ya tafi seminari na ƙarshe kuwa, Baba ya zana ɗan gicciye a gefen sunansa, shekara goma sha takwas ke nan. Ko ɗan aji biyu ya san abin da ya rage in aka cire wannan daga wancan.

Daga can na wuce kantin Ciyaman. Kayan gini yake sayarwa, kuma na koyar da shi lissafi yana ɗan shekara goma sha uku. Ya taso daga bayan kanta ya kawo mini kujera yana ta kakkaɓe ta da hannu.

"Shekara shida," na ce masa. "Kira ya ɗauke shekara shida kafin mace ta taka bagadi. Yaya ka gani?"

Ya sosa ƙeya. "Malama, ai tun lokacin ake ta raɗe-raɗin za a shigo da su. Yaran sun ji."

"Wato sun gudu shekara shida kafin a kore su."

"Ba haka nake nufi ba. Abin na ruhu ne, Malama, ba na alli da allo ba."

"Biyu bisa goma na ba ka a ragi. Na ga har yau kana riƙe da su, ba ka yar ba."

Ya yi dariyar yaƙe. Ya ce duk da girman da yake ba ni, ran Asabar za a kaɗa ƙuri'a, kuma ya san inda hannaye za su tashi. Ban yi musu da shi ba, don ni ma na sani. Ka nuna wa mutane cewa dalilinsu ba daidai ba ne, in ba ka da wani a hannu, sai su ƙara rungume nasun.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai daga littafin. A tsofaffin shafuka, samari suna kaiwa sha takwas, sha tara, har ashirin suna hidima. Daga wani wuri sai lambobin suka faɗo: sha biyu, sha uku, sha uku, sha huɗu. Kuma a ƙarshen kowane layi Baba ya rubuta kalma biyu, "Ya gama." Me yaro ɗan sha biyu ya gama?

Ran Laraba na je wurin Dogo mai walda. Sunansa yana cikin littafin, ya fita shekara goma sha biyar da suka wuce. Rumfarsa tana bakin titi, da ƙyamaren ƙarfe a jingine da garu, ƙasa duk baƙin gari. Da ya hango ni ya kashe inji, ya ɗage gilashin fuskarsa, ya rusuna. Ko a rusune ya fi ni tsawo.

"Ɗana, wace yarinya ce ta kore ka daga bagadi?"

"Yarinya kuma, Mama? Lokacin da na bari ai babu mace ko ɗaya."

"To me ya fitar da kai?"

"Awo."

"Awon me?"

Ya jawo mini kujera, shi ya zauna a kan tukunyar gas. Ya ce duk bayan wata uku Baba Katikis yakan jera su a ɗakin shiri, kowa da jar rigarsa a jiki. Sai ya durƙusa ya ɗora hannunsa a kan idon sawun yaro. In bakin rigar bai wuce yatsu huɗu daga idon sawu ba, yaro ya ci gaba. In ya wuce, sai Baba ya miƙe ya dafa kansa ya ce, "Ka gama, Allah ya yi maka albarka."

"Ba a ba ka wata rigar ba?"

"Tawa ce ta fi kowacce tsawo."

"Kuma ba ka tambaya ba? Uwarka ba ta tambaya ba?"

"Mun zaci dokar Ikklisiya ce, Mama. Mutum ya sa maka albarka, ka ce masa don me?"

Na tambaye shi yadda ake zaɓen masu tafiya seminari. Ya ce sau ɗaya a shekara wani Fada yakan zo daga can, ya zauna da masu hidima a ɗakin shiri, ya raba fom ga waɗanda suka kai sha shida. Shekarar da Dogo ya kai sha shida, ya je ya tsaya a taga. A ciki duk ƙanana ne, babbansu bai kai sha huɗu ba. Baƙon ya raba musu alewa ya mai da fom ɗinsa jaka.

"Ka so ka tafi?"

Ya juya sandar walda a hannunsa. "Na so. Ko da zan ƙarasa, Allah ne masani. Wataƙila da tuni sun koro ni, kin dai san kaina da karatu."

"Na sani. Amma wanda ya fi ka taurin kai yana can yana wa'azi."

Ban tsaya a bakin mutum ɗaya ba. Na nemi wasu huɗu da suka fita bayan zuwan 'yan matan: wani direba, wani ma'aikacin asibiti, da wasu biyu da har yanzu suna makaranta. Kowa na tambaye shi shi kaɗai, kuma ban sa masa magana a baki ba. Ɗaya ya ce ƙwallo ce ta ɗauke shi. Ukun suka ɗaga mini yatsu huɗu.

Ran Alhamis na koma ɗakin shiri da tef ɗin awo a jakata. Na sauke rigunan ɗaya bayan ɗaya na auna, Baba yana tsaye yana kallona kamar ina caje masa aljihu. Goma sha huɗu ne, kuma mafi tsawonsu ba za ta rufe yaron da ya fara ƙosawa ba.

"Baba, ina manyan?"

"An bayar. Lokacin da aka buɗe sabon coci a ƙetaren gada, Fadan wancan lokaci ya ce a ba su shidan nan manya su fara da su, za a ɗinka mana wasu. Kafin a ɗinka aka ɗauke shi."

"Shekara nawa ke nan?"

Ya lissafa da yatsu. "Sha tara."

"Dokar yatsu huɗun fa, a wane littafi take?"

Ya miƙe ƙirji. "Ba a littafi take ba. Daga bakin Fada na farko na ji, wanda ya koya mini aikin nan. Ina tsaye a nan, nan inda kike, ya ce rigar bagadi ta sauka har yatsu huɗu daga idon sawu, kada ta wuce."

"Wa ya faɗa wa?"

"Na ce miki ina tsaye."

"Na ji kana tsaye. Da wa yake magana?"

Ya dubi rigunan da na jera a kan benci. Can ya ce, a hankali, "Tela."

Ya zauna a ƙarshen bencin. Mutumin nan bai taɓa makara ba ko sau ɗaya a shekara hamsin, kuma duk yaron da ya sallama, da zuciya ɗaya ya sa masa albarka. Fada ya zo ya yi shekara uku ya tafi, wani ya zo, kowa ya tarar da ƙananan yara a bagadi ya zaci haka cocin yake.

"Ba wanda ya taɓa tambayata," in ji Baba.

A hanyar gida wani abu ya dame ni. Takwara ta fi ni tsawo da tafin hannu guda. Yaya aka yi take tsallake awo? Da ta dawo makaranta na tsayar da ita jikin ƙofa na sa mata tef daga kafaɗa zuwa ƙasa, na duba abin da na rubuta a takarda.

"Ke, wace riga kike sawa?"

"Ta ƙarshe."

"Ta ƙarshe ba ta kai miki. Faɗa mini gaskiya ko in kira ubanki."

Ta sunkuyar da kai, sai kuma ta ɗan lanƙwasa gwiwoyinta. Ta ragu a gabana kamar an sace mata iska.

"A cikin riga ba a gani," ta ce. "Duk manyanmu haka muke yi. Wadda ta riga ni ce ta koya mini, ita ma wata ta koya mata."

"Har a lokacin Mas?"

"Har a lokacin Mas. Cinyoyina har rawa suke in wa'azi ya yi tsawo."

"Mazan fa?"

"Mun gaya wa ɗaya. Ya ce shi ba zai rage tsawonsa don kowa ba. Kaka, namiji in ka ce za ka auna shi, har wuya yake miƙewa."

"Wannan ƙarya ce da gwiwa. Kin faɗa a wurin furta zunubi?"

"Na ce wa Fada na cika durƙuso. Ya ce wannan ba zunubi ba ne."

Na danne dariyata, don abin da ke gaba ba na dariya ba ne. Ita ma ta gane.

"Kaka, in kika faɗa, Baba Katikis zai ce na gama."

"In ban faɗa ba, Ciyaman zai ce kin gama. Sirrinki ne, ba zan tona ba. Abin da na auna da hannuna shi kaɗai zan kai."

Ran Asabar da la'asar kwamiti ya zauna a ajin da ke bayan coci. Mutum goma sha biyu a kan bencinan yara, gwiwoyinsu sun tokare tebura. Fada yana gefe. Matashi ne, watansa takwas da zuwa, kuma ya fi saurare da magana. Na shiga da riga a kafaɗata, Dogo yana biye da ni.

"Malama, ba kya cikin kwamiti," in ji Ciyaman.

"Na sani. Ba zama na zo yi ba, a tsaye zan yi in tafi."

Na rubuta lambobi uku a allo: sha tara, sha takwas, sha biyu. Na faɗi abin da kowacce take nufi. Sannan na miƙa wa Dogo rigar na ce ya sa. Da ƙyar ta shiga kafaɗunsa, ta tsaya masa a gwiwa, hannayensa suka fito kamar an ara masa su. Ajin ya fashe da dariya. Shi bai yi ba.

"Wannan ita ce babbar rigar da muke da ita," na ce. "Duk wanda ya fi ta, an sa masa albarka an nuna masa ƙofa."

Ciyaman ya bari dariyar ta lafa. Ba wawa ba ne, ragi ne kawai bai iya ba.

"To Malama, in haka ne, me ya sa matan suke kaiwa sha biyar, sha shida? Riga ɗaya ce, awo ɗaya ne. Ashe dai ana fifita su, ana korar 'ya'yanmu maza. Kin ga kin ƙara mana dalili."

Kawuna suka fara kaɗawa. Amsar tana bakina, amma na yi alkawari. Na riƙe sandata na yi shiru, abin da ba a saba gani ba, har Ciyaman ya fara murmushi.

Sai ƙofa ta buɗe. Takwara ce, da jar rigarta a jiki. Ta gaida Fada, ta gaida kowa, ta zo tsakiyar aji ta tsaya.

"Baba Katikis, don Allah zo ka auna ni."

Ya taso daga bencin baya, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora hannu a idon sawunta. "Huɗu," ya ce.

"Kada ka ɗauke hannunka, Baba."

Ta miƙe gwiwoyinta. Bakin rigar ya yi sama ya bar yatsunsa a ƙasa. Ya ƙara ɗaya hannun a kan na farko, duk da haka da saura. Wata mata a kwamitin ta dafa ƙirji. Baba ya miƙe a hankali, hannunsa ya tafi kanta da kansa, yadda ya saba.

"Kin ga..." Ya tsaya.

"Ban gama ba, Baba," ta ce. "Shekara biyu ina tsaye a durƙushe. Na gaji. Amma ban gama ba."

Fada ya yi gyaran murya. "Baba, wa ya kafa wannan dokar?"

"Tela aka gaya wa, Fada. Ni ne na ɗauka tawa ce."

Ciyaman bai saki ba. Ya ce a wasu cocin ma an ga hakan, inda mata suka shiga maza suka janye, kuma manya sun yi rubutu a kai.

"Wasu cocin ban karanta littafinsu ba," na ce. "Namu na karanta. Kuma ban ce riga ce ta hana kira ba. Ban san wanda Allah ya kira ba, kai ma ba ka sani ba. Wanda aka sallama na sani, ga sunayensu nan a rubuce. In za ku cire yaran nan, ku cire su don kun ga dama, ku rubuta haka. Kada ku ɗora musu abin da ba su yi ba."

Ciyaman ya dubi fuskoki, ya ga hannayen da ya ƙirga ba za su tashi duka ba. Sai ya ce a ɗage ƙuri'a sai an ƙara nazari. Bai janye maganarsa ba, har yau kuwa bai janye ba.

"Kafin a gama nazarin," in ji Fada, "ba wanda zai sauka, mace ko namiji. Awo kuma daga yau na tela ne. Gobe wa ke da turare?"

"Ni ce," in ji Takwara.

"Da wannan rigar?" in ji Ciyaman. "Ƙafa a waje, a gaban jama'a?"

"Da ita, Baba Ciyaman. A miƙe."

Ran Lahadi ta fito a gaban Fada da kaskon turare yana lilo a hannunta, rigar ta tsaya mata a tsakiyar ƙwauri, farin takalminta da safarta duk a fili. An yi ta zunguren juna a bencina. Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma lanƙwasa ba sai inda ake durƙusawa.

Shekara goma sha tara ba a ɗinka doguwar riga a cocinmu ba. A cikinsu yara maza arba'in da ɗaya aka sallama a kan yatsu huɗu, babbansu yana da shekara goma sha huɗu. Babu ko ɗaya da yarinya ta kora.